Idon Aro a Sanda ta Huɗu

Alhamis, 6 ga Satumba

Kaka ba ya gani. To, na rubuta. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama.

Ba makancewa ya yi gaba ɗaya ba. Ya ce tsakiyar idon ce ta mutu, kamar an dangwala babban yatsa a kan gilashi, sai gefe-gefe yake gani. Shi ya sa in zai dubi mutum sai ya karkata kai kamar kaza. Mutane sun ɗauka wuyansa ke ciwo.

Tun watan Maris nake zama idonsa. In zai tuƙa akori-kurarsa sai in zauna a gefe ina karanta masa hanya: danja ta yi ja, akwai mota a tsaye, saniya a hagu, rage, rage, tsaya. Mama har murna take yi wai jika da kaka sun shaƙu. Shaƙuwar me? Tafin hannuna jiƙewa yake yi tun daga ƙofar gida har mu dawo.

Ya sa na yi masa alkawari. Ya ce in Madam Loretta ta ji, za ta raba shi da sandarsa, wato wurin da yake tsayawa ya yi alƙalanci. Ita ce shugabar alƙalan tseren jiragen sama. Ya ce, “Shekara talatin da ɗaya ina tsayawa a sanda ta huɗu, ’yar akuya. Ranar da aka kore ni daga nan, ki ɗauko shebur kawai ki haƙa mini rami.”

Na san dalilin da ya sa ya zaɓe ni. Don ba na magana. A sabuwar makarantar nan mako uku ke nan, malamar ajinmu ba ta san muryata ba. Wanda ba ya magana ai rumbu ne, kowa ya zo ya zuba nasa ya wuce.

Saura kwana huɗu a fara tseren. Na tsani watan Satumba.

Asabar, 8 ga Satumba

Mun je gyaran sanda tare da Baba Wendell, abokin tsayuwar Kaka. Falwaya ce fa kawai a tsakiyar daji, an kafa mata duro marar gindi a ka, an shafa masa ja da fari. Irinta takwas ne, jirage na kewaya su. Alƙali ya tsaya a gindi ya leƙa sama ta cikin duron, in ya hango jirgi ta ciki, to matuƙin ya yanke hanya, a hukunta shi. Aikin ke nan duka. Aikin ido. Shi ne wai Kaka zai yi.

Baba Wendell na ganinmu ya ce, “Kai, tsohon makiyayi, har yanzu ba ka mutu ba?” Kaka ya ce, “Ina jira ka riga ni ne, in ga ko duk Nevada akwai akwatin da zai ɗauki wannan tumbin.” Suka yi ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Kaka ya je ya shafa jikin falwayar da yatsa. Kowace shekara in an gama tsere yana yanka zane ɗaya da wuƙarsa, kamar yadda yake yanka sunansa a jikin itatuwa lokacin da yake kiwon tumaki a kan duwatsu. Ya ƙirga da yatsa har talatin da ɗaya. Baba Wendell ya juya baya yana neman fenti a mota.

Da safe Mama ta sa hannu a takardata. Ranakun gwaji uku ana barin dangin alƙali su je sanda in da takarda, daga Alhamis kuwa sai mai shekara sha takwas. A tsaye ta sa hannun, takalmi ɗaya a ƙafa, ta makara wurin aiki. Ko karantawa ba ta yi ba. Ni na karanta. “Na yarda zan iya jin rauni ko in rasa raina, kuma ba zan tuhumi kowa ba.”

Wace ce “na”? Sunana ne a sama, Nerea. Hannun Mama ne a ƙasa. Ba wanda ya tambaye ni.

Lahadi, 9 ga Satumba

A coci na roƙi Allah ya kawo iska mai ƙarfi a fasa tseren. Ko ganye bai motsa ba.

Litinin, 10 ga Satumba

An fara gwaji. Kaka ya rubuta wa makaranta cewa ana bukatata a gida duk mako. Ni na riƙe masa takardar, na nuna masa inda layi yake.

Ba da kunne ake jin jiragen nan ba, da haƙora ake ji, da ciki. Suna zuwa ƙasa-ƙasa har kana ganin kan matuƙi, su kwanta a gefe ɗaya, fiffike kamar zai share duron. Na toshe kunnuwana, na riƙe hannun rigar Kaka na hagu, don haka muka shirya: in jirgi ya wuce in raɗa masa launi da lamba.

Sau uku kawai na raɗa. A na huɗu ya riga ni. “Wannan na Hollis ne, ruwan ɗorawa, ashirin da bakwai. Ji injinsa, tari yake yi a ciki.” Na duba. Shi ne. Na gaba ma ya faɗa, da na gaba. Haushi ya kama ni, ban san dalili ba.

Da aka tsaya cin abinci ya yanka mana burodinsa na tukunyar ƙarfe da cuku. Baba Wendell ya tafi bayan mota. Na ce, “Kaka, in ɗaya ya faɗo fa?” Ya ce, “To, ya faɗo.” Na ce ai ba zai ga inda zai gudu ba. Ya ce, “Ko mai ido huɗu ba ya tsere wa abin da ke gudun mil ɗari huɗu. Raina ne, ’yar akuya. Ni na sa hannu, ba wanda ya ɗaure ni a nan. Ina ɗan shekara sha tara na tsallako teku don kada wani ya riƙa faɗa mini inda zan tsaya.”

Ya tauna burodi ya daɗe. Sai ya ce, “Kakarki wata bakwai ta yi a gado da roba a hanci. Wanne ya fi?”

Kullum haka yake yi, ya jawo Kaka mace cikin magana don bakina ya mutu. Amsar tana nan a maƙogwarona. Sai da muka dawo gida ta fito, a banɗaki, ni kaɗai.

Talata, 11 ga Satumba

’Yan kallo sun fara cika gari da manyan motocinsu na kwana. Na tsane su duka. Wani jan mutum mai hular kaboyi, da gwangwanin giya a hannu, ya tare ni a bakin wayar shingen fili ya ce, “’Yan mata, ta ina ne jirgin nan ya faɗi shekarun baya?” Yana murmushi. Abin da ya kawo shi ke nan. Ya zauna a inuwa, wani ya mutu masa a rana. Na wuce. Da ina da baki da na ce, zo ka tsaya a gindin sanda, za ka fi gani.

Madam Loretta ta kira ni rumfar alƙalai ta ba ni askirim. Siririya ce, muryarta kamar ta shekara tana haɗiyar yashi. Ta ce, “Ke ce jikar Beltran ko? An ce ba ki rabuwa da shi. Kina son jirage?” Na gyaɗa kai. Ƙarya. Ta ce, “Kakanki bai taɓa kuskuren hukunci ba, ko sau ɗaya.”

Nan ne fa. Kalma huɗu kawai: Kaka ba ya gani. Na buɗe baki. Askirim ya narke ya gangaro mini har gwiwar hannu, ta miƙo mini takarda in goge, wani ya kira ta a rediyo, ta tafi.

Ban sani ba ko alkawari ne ya hana ni ko tsoro. Na fi zaton tsoro.

Laraba, 12 ga Satumba



Bayan azahar, jirage shida suna zagaye na uku. Ina riƙe da rigar Kaka, ina duban inda suke fitowa, ban ga komai ba sai ɗigo-ɗigo a nesa. Kawai sai na ji an damƙi wuyan rigata an wurga ni ƙarƙashin mota. Haɓata ta daki ƙasa. Kaka na ihu, “Wendell, kwanta! Hollis ne, injin ya mutu!”

Lokacin ma Baba Wendell bai gan shi ba, shi da ke riƙe da madubin hangen nesa. Ya faɗi rub da ciki. Daga ƙarƙashin mota na ga inuwa ta share ƙasa, ba ƙara, sai wani irin huci kamar an yage babban zane. Jirgin ya wuce ta kanmu, ya je ya zauna da cikinsa kamar taku ɗari biyu daga sanda, ya yi ta jan ƙasa yana tuge ciyayi. Ƙura ta rufe ko’ina.

Ƙafafun Kaka kawai nake gani. Suna tsaye. Ba su motsa ba ko kaɗan.

Hollis ya fito da kansa, ya ɗaga hannu, ya durƙusa ya yi amai. Motocin kashe gobara suka zo. Kowa ya yi ta bubbuga kafaɗar Kaka, wai namijin duniya, wai ko gezau. Ya ce musu, “Na ji zai wuce ta dama, me zai sa in ɓata wandona?” Baba Wendell yana karkaɗe tumbi ya ce, “Ni nawa ya riga ya ɓaci.”

A hanyar dawowa ya ce, “Kin gani ko? A sanda kunnena ya fi idon yaran nan.” Na ce, “Akwai rami a gaba, bi hagu.” Abin da na ce ke nan.

Gaskiya ya faɗa, shi ya fi ba ni haushi. Da bai ji ba da ina tsaye. Amma da ba don shi ba me zai kai ni wurin tun farko? Wa zan gode wa, wa zan zaga? Mutum ɗaya ne.

Mama ta ga haɓata, ya ce mata tuntuɓe na yi. Ta sa mini magani tana cewa kullum kaina a sama. Labarin jirgin kuwa ta ji a wurin aiki, ta ce, “Baba, wannan shekarar ce ta ƙarshe.” Ya ce to. Bara ma ya ce to.

Alhamis, 13 ga Satumba

Daga yau ba ni da izinin zuwa sanda. Ina kawo Kaka bakin rumfa, su tafi a motar alƙalai, ni in zauna ina jera robobin ruwa a cikin ƙanƙara.

Da safe Kaka ya shiga banɗaki, Baba Wendell ya zauna kusa da ni, benci ya yi ƙara. Bai dube ni ba. Ya ce, “Kada ki damu da yau, ’yata. Ni nake leƙa duron. Shekara biyu ke nan. Ni in gani, shi ya faɗa mini na wane ne, don ni ba na riƙe lamba. Mu biyu mun haɗu mun yi alƙali ɗaya mai kyau.”

Ashe ya sani. Wata shida ina ɗauke da wannan abu kamar dutse a ciki, ba na iya cin abinci sosai, ashe akwai babba da ya sani yana ta dariya da fenti.

Na ce, “Madam Loretta fa?” Muryata ta fito kamar ta ɓera. Ya ce, “Loretta ba ta tambaya ba. In ta tambaya zan faɗa mata.” Ya ɓalle murfin ruwa. “Ki ji, duk wanda ke bayan wayar can ya san abin da ya zo yi. Matuƙa sun sani, mu mun sani. Kakanki ba yaro ba ne. In ya zaɓi ya tsaya, wane ne ni?”

Sai ya ce, “Tuƙi dai ai gefen idon na isar sa, ko?”

Na dubi ƙanƙara. Kaka ya fito yana laluben igiyar rumfa da bayan hannu yadda ba wanda zai lura.

Manya duk munafukai ne. Kowa ya san rabi, ya ajiye sauran rabin a kan yarinya.

Jumma’a, 14 ga Satumba

Ba na son rubutawa amma in ban rubuta ba zan fashe.

An tashi da yamma, hanyar fita cike da mutane, motoci na tafiya kamar kunkuru. Ina faɗa masa: bi a hankali, mutane biyu a dama, tsaya, tafi. Sai jirage huɗu suka taso na wasan rufe rana, suna jan farin hayaƙi, suka hau sama tare suka buɗe kamar fure. Na ɗaga kai. Ban san me ya sa ba. Na ɗaga kai kawai, bai fi ƙirga uku ba.

Sai ƙaras.

’Yar amalanke ce ja, irin wadda ake jan yara a ciki. Wata yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba ke jan ta. Tayar gabanmu ta hau kai ta lotse ta kamar gwangwani. Igiyar na hannun yarinyar har lokacin. Ba ta yi kuka ba ma, ta tsaya tana duban mu. A cikin amalanken akwai bargo da kwalbar madara. Uban na riƙe da jariri a kafaɗa. Matarsa ta yi ta maimaitawa, “Yanzu ka ɗauke shi. Yanzu-yanzu ka ɗauke shi daga ciki.”

Mutumin ya daki gaban motar da tafin hannu. “Kai tsoho, makaho ne kai?” Kaka ya fito ya cire hula ya ba da haƙuri, ya ce rana ce ta shiga idonsa. Ya ba da haƙurin yana fuskantar gefen mutumin, ba mutumin ba. Mai gadi ya zo, ya ga rigar alƙali, ya san Kaka, ya lallashe su. Aka ja amalanken gefe. Shi ke nan.

Da ƙarar jiragen nan a sama, kunnen da yake taƙama da shi bai ji komai ba.

Muka fita daga cunkoso. Sai ya ce, a hankali, “Ina idonki yake?”

Idona. Wai idona.

Ban san daga ina muryar ta zo ba. Na ce, “Idona nawa ne! Shekarata sha uku!” Ya ce in rage murya. Na ce, “Ka ce ranka ne, kai ka sa hannu. Yarinyar nan ta sa hannu? Jaririn ya sa hannu?” Na ce, “Ni ma ban sa ba. Ba wanda ya ba ni biro.”

Ya ce, “’Yar akuya…” Na ce kada ya ƙara kirana haka.

Duk da haka sai da na kai shi gida. Danja ta yi ja. Danja ta yi kore. Kwana a dama. Ina kuka ina faɗa, don in na yi shiru mu mutu.

Asabar, 15 ga Satumba

Na riga kowa tashi. Mabuɗin motar na rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin. Ɗaya ne tak, ɗayan ya ɓace tun kafin a haife ni. Na sa shi a cikin safata.

Sannan na kira Baba Wendell. Ban taɓa kiran babba a waya ba. Sau biyu ina kashewa kafin ta shiga. Na ce, “Ka zo ka ɗauki Kaka.” Ya ce motar ce ta lalace? Na ce, “Gefen idon ba ya isar sa. Ni ce idonsa a hanya.” Sai ya ce, “Wayyo Allah. Tun yaushe?” Na ce Maris. Ya ce ga shi nan.

Mama ta riga ta fita. Kaka ya shafa ƙusa, ya shafa ƙasa, ya shafa teburi. Sai ya tsaya. “Nerea, ba ni.” Na ce a’a. Ya ce na ci amana, ya ce a gidansa ba a taɓa yi masa haka ba, ya ce ko karen kiwonsa ya fi ni riƙon alkawari. Ya yi wasu maganganu da harshen ƙasarsu, na gode Allah ban iya ba.

Na tsaya ta gefensa inda zai iya ganina. Na ce, “Sanda taka ce, ba zan faɗa wa kowa ba. Hanya ba taka ba ce. Ka gaya wa Mama ka daina tuƙi, ka ba ta duk dalilin da ka ga dama. In ba ka faɗa ba kafin Litinin, ni zan faɗa, kuma duka zan faɗa.”

Na jingina da bango. Ina fata bai gani ba. To, ai ba zai gani ba.

Baba Wendell ya danna ham ɗin motarsa a waje. Yau ba wanda ya tsokani wani. A mota Kaka ya juya fuska ga taga har muka isa.

Lahadi, 16 ga Satumba

Ranar ƙarshe. Bai yi mini magana ba tun jiya. Ya yanka burodi ya ajiye nawa a gefen teburi kamar na kare.

Ana cikin babban tsere Madam Loretta ta zo ɗaukar ruwa. Mai gadi ya ba ta labarin amalanke. Ta tsuguna har idonta ya yi daidai da nawa. “Nerea, akwai abin da ya kamata in sani game da kakanki?”

A rediyon da ke kafaɗarta na ji muryarsa daga can daji, “Sanda ta huɗu, kowa ya wuce lafiya.” Muryar ba irin ta gida ba ce. Kamar ta saurayi.

Na ce, “Ya daina tuƙi.” Ta ce, “Shi ke nan?” Na ce, “Sauran ki tambaye shi. Yana da baki.”

Ta daɗe tana dubana. Ta ce, “Ashe ke ma kina da shi.” Ta ɗauki ruwanta ta tafi. Ko za ta tambaye shi, ban sani ba. Ba nawa ba ne.

Wani farin jirgi ne ya ci. Ban kalla ba. Na ɗan kalla.

Litinin, 17 ga Satumba

Ya gaya wa Mama gwiwarsa ba ta iya taka birki kuma. Ta ce dama ta daɗe tana so ya huta. Ƙarya ce, amma tasa ce, ba ni zan ɗauka ba.

Na koma makaranta. Malama ta tambayi babban birnin wata jiha, na sani, ban ɗaga hannu ba.

Talata, 18 ga Satumba

Bayan makaranta Baba Wendell ya kai mu kwashe tutoci. Daji tsit, ba kowa. Inda jirgin Hollis ya ja ciki har yanzu ga sawun nan, dogo, kamar an yi huɗa.

Kaka ya laluba zanensa ya yanka na talatin da biyu. Baba Wendell ya ce, “Baɗi kuma in muna da rai.” Kaka ya ce, “Ni dai ina da shi. Kai ne likita ya hana wa naman alade.” Sun dawo da tsokanarsu.

Suka tafi ciro tuta, Kaka na dafe da kafaɗar Baba Wendell a fili, ba ɓoyo. Ya bar wuƙarsa a kan dutse. Bai taɓa mantawa da ita ba a duniya. Ban ce da gangan ne ba.

Na tsaya a gindin sanda na leƙa sama ta cikin duron. Duk kwana ukun nan ban taɓa leƙawa ba. Sama ce kawai, zagayayya, shuɗiya, ƙarama kamar faranti. Wani tsuntsu ya ratsa ta ciki. Ya yanke hanya. Na faɗa da ƙarfi, ba kowa.

Na tona rami a gindin falwayar na sa mabuɗin, na rufe, na ɗora dutse. Nan zai zauna. Ko ya roƙe ni, ko ya zage ni.

A hanyar dawowa ya ce, “Nerea, miƙo mini ruwa.” Ba ’yar akuya ba. Na miƙa. Ban yafe masa ba tukuna, kada ya zata.

Har yanzu na tsani ’yan kallo, da mai hular kaboyi, da takardar nan. Takarda kuma ba wanda zai ƙara sa mini hannu a kai. In za a sa, ni zan sa, bayan na karanta ta tun daga sama har ƙasa. Saura shekara biyar.

Akwai wani ɗan zane yanzu a jikin falwayar, can ƙasa ta bayan rana, inda yatsan Kaka ba ya kaiwa. Ƙarami ne ƙwarai. Wuƙar ce kawai nake gwadawa in ga ko tana da kaifi.